Neman makarin gwiwa da zai jure zafin Accra da hawan Aburi

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Maganar hular kwano mun gama da ita tun bara. Kowa a ƙungiyarmu ta masu keke yana da tasa, wanda bai sa ba kuwa ba ya bin mu. Yanzu saura gwiwa.

Yawancinmu 'yan Nima ne da Mamobi, sai wasu daga Madina, manya da samari. Ranar Asabar da an sallame asuba muke fita da kekunan hawan dutse, mu bi ta Adenta da Oyarifa zuwa Ayi Mensah, mu kama tudun da ya wuce ta Peduase, daga nan mu bar kwalta mu faɗa hanyoyin gona na kewayen Aburi. Hawan gajiya ce kawai. Gangarowar ce ke da haɗari: jar ƙasa da tsakuwa a kanta, ga saiwoyi, ga kwazazzaban da ruwa ya ci. Da tayar gaba ta zame, gwiwa da tafin hannu ne ke fara isa ƙasa.

A watan jiya ɗan yayata ya faɗi a irin wannan wuri. Babu karaya, alhamdu lillahi, amma fatar ƙoƙon gwiwar ta saluɓe, tsakuwa ta shige ciki, sai da aka wanke aka yi ɗinki. Ya ɗauki lokaci yana sallah a zaune. Yaya ta kira ni ta ce, "Kai ne babba a cikinsu. In ba za ka iya kare musu ƙafa ba, ka bar mini yarona a gida." Tana da gaskiya.

Mun zauna mun yanke cewa kowa zai riƙa zuba wani abu duk mako, a Disamba kuma idan wanmu da ke Hamburg zai zo gida ya riƙo mana kayan. Ni aka ɗora wa binciken irin da za a saya. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne in samo wanda yaro zai zura tun daga ƙofar gida, ba zai ji yana son cire shi ba har ya dawo. Na sha ganin masu keke a hanyar Peduase da makarinsu rataye a kan keken ko an sauke shi zuwa idon sawu saboda zafi, kuma mutum ba ya sanin sa'ar da zai faɗi balle ya tsaya ya mayar.

Laraba, 10 ga Satumba

Na shiga Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Bayan gobarar farkon Janairun bana an sake tayar da rumfuna, ciniki ya koma. Wajen masu gwanjon kayan wasanni na dosa, na sa aka zazzage mini buhu.

Abin da ya fi yawa na 'yan wasan ƙwallon raga ne, soso mai laushi cikin yadi mai talewa. An yi shi ne don dandamali mai santsi, dutse mai baki zai ratsa shi. Akwai na masu ɗaura tayil da magina, wanda aka yi don mutum ya wuni a durƙushe, igiyoyinsa kuma daidai lanƙwasar bayan gwiwa suke bi. Akwai na masu takalmin taya, mai ƙaton ƙoƙon roba a gaba. Mai kayan, wani dattijo Bazabarme, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Alhaji, wannan ko a kan fasasshiyar kwalba ka durƙusa ba ka ji." Na yarda da shi. Sai dai mai keke ba durƙuso ya fito yi ba. Idan mutum yana juya feda sau 80 a minti, a awa ɗaya gwiwarsa ta lanƙwashe ta miƙe sau 4,800. Duk wani ɗinki ko igiya da ke gogar fata, sau 4,800 ɗin nan zai goge ta, mu kuma fitarmu ta fi awa huɗu.

A ƙasan buhun na samu na keke na ainihi, mai kauri, da ƙoƙon roba da maɗauri biyu masu mannewa irin na takalmin yara. Robar bakinsa ta ɗan saki. Na saye shi don gwaji kawai. Gwanjo a irin wannan kaya yana da matsala ɗaya babba: ba ka san bugu nawa soson ya sha ba, ba ka san shekarunsa ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau na zauna da tambarin da ake bugawa a jikin soson ciki, don shi ne kaɗai abin da mutum zai riƙe ban da zaƙin bakin talla.

Ma'aunin da yawancin kamfanonin kirki ke bi na Turai ne, EN 1621-1, wanda asalinsa don masu babur aka yi. Ana ɗora soson a kan maƙera mai siffar gaɓa, a sako masa ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya, a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ɗaya gefen. Idan matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kN 35 ba (kN, wato kilonewton, ma'aunin ƙarfi ne), ya ci mataki na 1. Idan bai wuce kN 20 ba, mataki na 2. Ke nan mataki na 2 ya fi shanye bugu, amma galibi ya fi kauri da zafi.

A jikin tambarin akwai ɗan hoton mai babur, da haruffa. K na nufin gwiwa, K+L na nufin gwiwa da ƙwauri. Sai A ko B: nau'in B ya fi faɗi, ya fi rufe wuri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne T+. Wannan alama ce cewa an ƙara gwada shi a zafin digiri 40. Bature ya fi damuwa da T-, na sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. Mu da rana ke dukanmu a fili, T+ ne namu.

Dalilin ya danganci irin soson. Na zamani, irin su D3O mai ruwan lemo na wani kamfanin Ingila, da SAS-TEC na Jamus, da VPD na kamfanin POC na Suwidin, duk suna da laushi idan ka lanƙwasa su a hankali, amma su ƙage nan take idan an doke su. Wanda ya taɓa sa hannu a gasarar koko da ta kwanta a ƙasan roba ya san abin: ka tura yatsa sannu ya nutse, ka doka da ƙarfi ka ji ta yi tauri. Irin wannan soso zafi na ƙara masa laushi, shi ya sa yake kwanciya a gwiwa bayan 'yan mintoci da sawa. Idan laushin ya yi yawa kuma, shanye bugun na raguwa.

Akwai abin da tambarin ba ya faɗa. Soson kaɗai aka gwada, yana ajiye wuri ɗaya. Ba a gwada ko zai tsaya daidai ƙoƙon gwiwa bayan mutum ya jiƙe da gumi ba, ba a gwada ko zai zame idan ƙasa ta ja shi ba. Wannan aikin namu ne.

Na duba na Kantamanto ciki da waje. Babu tambari ko ɗaya.

Asabar, 20 ga Satumba

Na ba wani matashi mai ƙarfi a cikinmu na gwanjon nan ya sa ƙafar dama, ni na sa na hagu, don mu ji bambanci da ƙafar da ba komai.

Har Oyarifa lafiya lau. Da muka fara hawa daga Ayi Mensah aka ga abin. Jikinsa na niyofirin ne, wannan baƙar robar da ake yi wa masu nutso riga da ita, iska ba ta ratsa ta ko kaɗan. Gumi ya taru a ciki har ina jin motsinsa, ya riƙa gangarowa ƙwauri yana shiga safa. Da fatar ta jiƙe sai makarin ya fara sauka. Na ƙara ɗaure maɗaurin sama, ya daina sauka amma cinyata ta fara tsami. Kafin Peduase yaron ya ce, "Kawu, don Allah in cire, ƙafar nan ba tawa ba ce." Na ce ya cire.

Na duba bayan gwiwata a inuwa. Layi biyu jajaye daidai inda jijiyoyin nan biyu suke tasowa idan an lanƙwasa ƙafa, ɗaya har ya fara tashin bororo, ga farin gishirin gumi ya zagaye bakin robar. Da na juya makarin na ga sanadin: ɗinkin da ya haɗa bayansa yana da tudu, kuma ya faɗo daidai lanƙwasa. Daga yau bayan makari zan fara dubawa kafin gabansa.

A wannan gwajin sama ma a lumshe take, ga sanyin Aburi da ya fi na Accra don tudun ya kai kusan mita 400. A Maris ban san wanda zai iya da shi ba.

Talata, 23 ga Satumba

Na kwashi yaran zuwa shagon telanmu a Nima bayan la'asar don a auna kowa. S da M da L ba abin dogaro ba ne, M ɗin wannan kamfani L ɗin wancan ne. Kowane yana da jadawalinsa. Da yawa suna cewa a auna kewayen cinya santimita 10 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, sannan a auna sha-raɓa, wasu a inda ta fi kauri, wasu a wani tsayi da suka ƙayyade. Muka auna duka, mutum na tsaye, ƙafa a sake, tef a kan fata ba a kan wando ba.

Malam tela ne ya fara lura da abin da ya zame mana darasi. Yana rubutawa ya ɗago ya ce, "Alhaji, yaran nan naka cinyarsu siririya ce, sha-raɓarsu ce ta cika. Duk abin da ka ɗaure a cinya zai zamo, cinya ai tsukewa take yi tana sauka. Ka nemi wanda zai zauna a kan tudun sha-raɓa." Maganarsa daidai take. Cinya tana raguwa ne zuwa gwiwa, ba abin da zai tare makari. Amma ƙasan gwiwa akwai ɗan wuri siriri kafin naman sha-raɓa ya buɗe, kuma duk makarin da ya kama wannan wurin ya samu mazauni, ba sai an shaƙe cinya ba.

Biyu daga cikin yaran awonsu ya raba ƙafa: cinya ta ce ƙarami, sha-raɓa ta ce matsakaici. Na sa musu alama.

Asabar, 4 ga Oktoba

Wani abokinmu da ke aiki a Legon ya ara mini nasa. Irin na zurawa ne, ba maɗauri, yadi ne mai talewa, bayansa raga, bakinsa sama da ƙasa an yi masa layin silikon. Tambarinsa mataki na 1, nau'in A.

Bambancin ba ya misaltuwa. Tun kafin Adenta na manta da shi. Dogo ne, ya hau har tsakiyar cinya ya shige ƙarƙashin wando, kuma wannan tsayin na taimaka masa tsayawa don riƙon ya bazu, bai taru wuri ɗaya ba. An ɗinka shi da ɗan lanƙwasa tun asali, yadda ƙafa take a kan feda, saboda haka yadin ba ya tattaruwa a baya. A gangara iska na shiga ta ragar ta busar da gumi.

Amma ban gamsu ba. Soson ƙarami ne, ƙoƙon gwiwa kaɗai ya rufe. A wata kwana mai saiwoyi keken ya karkata, cikin gwiwata ya bugi ƙarfen tsakiya, wurin da ba komai sai yadi. Yanzu haka wurin ya kumbura. Faɗuwar da muke yi a hanyoyin gona yawanci ta gefe ce, taya ta zame mutum ya kwanta da wajen gwiwa. Makarin da ba shi da ƙananan sosuna a gefe biyu ya bar rabin aikin. Yadin gabansa ma siriri ne, tsakuwar Aburi ja ɗaya za ta yi masa. Masu kyau suna sa yadi mai jure gurza, irin su Cordura ko mai haɗin Kevlar, a gaba.

Abin da nake nema ya fara fitowa: jikin wannan, da faɗin soso irin na B, da kariyar gefe.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na samu gwajin da ba sai an je dutse ba. Mutum ya sa makarin ya yi zaman tahiya. Babu inda gwiwa ke naɗewa ƙarshe irin nan, kuma duk wani tudun ɗinki ko yadin da ke cukuikuyewa a baya, cikin minti ɗaya zai bayyana. Sannan ya miƙe ya duba ko soson na nan daidai ƙoƙon gwiwa ko ya kauce. Ya hau bene ya sauko, ya zauna da shi rabin awa. Idan yatsun ƙafa sun fara tsiko ko ƙafar ta yi nauyi, ya matse da yawa. Idan ya kama bakinsa ya ja ƙasa da hannu ɗaya ya sauko cikin sauƙi, ƙasa ma za ta ja shi.

Wannan ba gwaji ba ne kawai a wurinmu. Sau da yawa azahar a can sama take riskarmu, kuma na fi son wanda yaro zai yi sallah da shi ba sai ya tsaya kokawar cirewa ba. Na aron nan ya wuce. Na Kantamanto ƙoƙon robarsa ya hana sujada ta zauna.

Wasu sun kawo maganar cewa na zurawa sai an cire takalmi, alhali akwai masu zif ko maɗauri a gefe da ake buɗewa. Gaskiya ne, amma zif ƙarin abin gogar fata ne, ƙarin abin lalacewa ne idan jar ƙasa ta shige shi. Tunda manufarmu a sa tun daga gida, ban ga amfaninsa gare mu ba. Dattawanmu kuma sun ji daɗin dogon, don da ma ba sa son ganin samari da gwiwa da cinya a waje.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa ya hana fita. Na yi wanki. Idan soson na cirewa ne a zare shi, a wanke yadin da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a ɗora a kan kwanon rufi, kada a bar shi a but ɗin mota ko a shagon kwantena da rana. A laimar Accra makarin da aka jefa jaka a jiƙe, kafin wata Asabar ya yi funfuna. Saboda haka na ƙara sharaɗi: soso mai cirewa. Na kuma gaya wa yaran ba aron makari tsakaninsu idan nasu ya zo, don makero da ƙaiƙayi ta nan suke yawo.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun ɗora kekuna a mota zuwa gandun dajin Shai Hills, kan hanyar Akosombo. Ƙasar daban take da Aburi: fili ne da ciyawa da tsaunukan dutse, inuwa kaɗan, ga gwaggon biri tun daga bakin ƙofa. A nan na ga amfanin ƙoƙon roba da na raina. Ɗaya daga cikin manyanmu, wanda ke da nasa mai tauri, ya zame a kan falalen dutse, makarin ya sulale da shi ya tashi ba ko ƙwarzane. Yadi da a ce shi ne, zai iya kama dutsen, dutsen ya ja makarin ƙasa ya bar gwiwa a buɗe. Mai tauri yana da wurinsa. Sai dai shi ma da muka koma fili sai ya sauke shi idon sawu.

A hanyar dawowa aka yi muhawara. Alhajin da ke riƙe da kuɗinmu ya ce a saya wa kowa mataki na 2 a huta, tunda ya fi kariya. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ni ban goyi baya ba. Yaran nan ba tsalle suke yi ba, ba gudun tsere suke ba. Rabin tafiyarmu hawa ne a rana. In muka saya musu mai kauri, a jaka zai ƙare." Ya ce to manyan da ke sakin birki a gangara fa? Nan na ba shi gaskiya. Muka tsaya a kan cewa samari mataki na 1 nau'in B mai kariyar gefe, manya uku masu gudu kuma mataki na 2, amma mai raga a baya.

Wani a cikinmu da ƙwallo ta taɓa ɓata wa gwiwa ya ce shi ma yana jiran nasa don ya riƙe masa jijiya. Na gaya masa kada ya dogara da wannan. Makarin keke bugu yake tarewa da gurjewa. Murɗewar gwiwa, wadda ke tsinka jijiyoyin ciki idan ƙafa ta kafe jiki ya juya, ba ya hana ta. Wannan sai likitan ƙashi ya duba shi ya faɗa masa abin da zai ɗaura.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mun yi lissafi, kuɗin ba zai kai kowa ba. Mai kyau guda biyu kuɗinsa na iya kusan kai rabin abin da wasu yaran suka sayi kekensu na gwanjo. Ƙananan kuma girma suke, wanda ya yi musu bana baɗi ya matse.

Malam tela ne ya kawo mafita. Yana juya na aron nan a hannu kafin in mayar, ya zare soson ya ce, "Abin tsadar ai wannan ne. Rigar ni ma zan ɗinka." Na bincika, ashe ana sayar da soson shi kaɗai, da tambarinsa, don masu babur na sauya na cikin wandonsu, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na cikakken makari ba. Idan yaro ya girma, riga kawai za a sake.

Na gindaya masa sharuɗɗa. Soson ba a yanka shi, ba a huda shi da allura, don da an taɓa shi tambarin ya tashi aiki. Aljihun da zai zauna ciki ya kama shi tsam. Shi kuma ya ƙara nasa: yadi mai talewa ba a yi masa miƙaƙƙen ɗinki, fashewa zai yi, sai zigzag. Ya ce zai kai haɗin yadin gefe, kada ya faɗo bayan gwiwa. Na samo soso guda biyu wajen wani mai tuƙa babban babur, muka tafi kasuwar Makola neman yadi mai talewa da raga irin ta rigar 'yan ƙwallo.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Samfurin farko ya hau Aburi a ƙafar ɗan yayata. Zafi babu, gogar baya babu. Matsala biyu: bakin sama na naɗewa yana gangarowa, soson kuma na juyawa waje idan ya miƙe a kan feda. Mun koma shago da yamma da ƙurarmu. Malam ya sa shi ya ɗora ƙafa a kan benci, gwiwa a lanƙwashe, ya zana da alli a jikin yadin daidai inda soson ya kamata ya tsaya. Ya ce awon farko a tsaye aka yi shi, shi ya sa. Zai sa faffaɗar roba mai layin silikon a sama, irin ta bakin wandon 'yan tseren keke, ya ƙara siririn maɗauri ƙasan gwiwa a saman sha-raɓa, ya kuma ninka gaban da yadi mai ƙarfi daga wata tsohuwar jakar goyo.

Ba na ruɗin kaina cewa wannan ya kai na kamfani. Na kamfani an yi masa ƙira da gwaje-gwajen da ba mu da halinsu. Amma ga yaro mai tafiya a hankali, soso mai tambari da ke zaune daidai gwiwarsa ya fi abin da yake da shi yanzu nesa ba kusa ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Na kira Hamburg. Na ce, "Yaya, don Allah ka je shago da kanka, kada ka yi oda ta intanet ba ka gani ba. Ka juya shi ka shafa bayansa da yatsa, in ka ji tudun ɗinki ka ajiye. Ka zare soson ka ɗauko mini hoton tambarin." Na tura masa awon kowa a santimita, ban rubuta S ko M ba, don ya gwada da jadawalin kamfanin da ya samu. Waɗanda awonsu ya raba ƙafa na ce ya bi sha-raɓa. Na ce in da hali mai T+, kuma mai alamar hagu da dama, don an fi yanka su daidai ƙafa. Ya ce can yanzu sanyi ne, soson zai ji masa tauri a hannu. Na ce ya riƙe shi ɗan lokaci ya ji ɗumi sannan ya lanƙwasa.

Asabar, 20 ga Disamba

Kaya sun iso ranar Talata, yau kowa ya fita da nasa. Manya da samarin da suka gama girma na kamfani, ƙananan na Malam tela. Na tsaya a Peduase ina kallon ƙafafu suna wucewa, babu wanda ya sauke nasa. Yaya ta zo da kanta daren jiya ta ga na yaronta, ta matsa soson ta doke shi da tafi, ta ce to.

Hunturu ya zo mana da sabon abu. Hazo ya sauka, fata na bushewa, yara sun shafe ƙafafu da man kaɗe kafin fitowa. Silikon ba ya kama fatar da ke da mai. Waɗanda suka shafa sosai nasu ya riƙa zamowa, na kamfanin ma bai tsira ba, sai masu maɗaurin sha-raɓa ne suka tsaya. Mun yi doka: ranar fita ba shafa mai daga tsakiyar cinya zuwa sha-raɓa, a bari sai an dawo an yi wanka. Layin silikon ɗin ma a riƙa goge shi da ruwan sabulu, don mai da ƙura na taruwa a kai.

Na mafi ƙanƙantarmu har yanzu yana juyawa, soson ya yi wa gwiwarsa faɗi. Zan nemi nau'in A saboda shi, Malam ya sake masa aljihu. Ɗaya daga cikin masu mataki na 2 ya ce gefen soson na danna masa ƙashin wajen gwiwa idan ya daɗe yana hawa. Na ce ya ƙara fita da shi kafin mu yanke hukunci, wani lokaci yadin na sakewa, in bai daina ba mu yi musaya da wanda ya fi shi siririyar ƙafa kafin ya tsufa.

Gwajin gaske bai zo ba tukuna. Yanzu iska a bushe take, gumi na tafiya da wuri. Fabrairu da Maris ne zafi da laima ke haɗuwa a Accra, kuma azumi zai kama a tsakiyar Fabrairu, fitar za ta ragu. Saboda haka zan sa mu yi doguwar tafiya ta rana a farkon watan, in duba bayan gwiwar kowa a Aburi. Ragowar kuɗin mun bar shi wajen Alhaji don makarin gwiwar hannu, kuma Malam tela ya ce a kawo masa yaran ya sake auna su a ƙarshen Janairu.